Kifi na sauya mazauni saboda ɗumamar ruwa: ina abin ya shafi mai cefane a Sakkwato?

A 'yan shekarun nan, duk sanda kwalin kifin ƙanƙara ya ƙara kuɗi a Sakkwato, dalilai uku ake jerowa. Dillali zai ce dala ce. Mai mota zai ce dizal ne da abin da ake karɓa a shingaye tun daga Legas. Sai na uku da ya fara shigowa ta rediyo da wayoyin hannu: wai teku ya yi zafi, kifi ya yi ƙaura. Biyun farko kowa ya gane su, tun da aka saki naira ta nemi darajarta a kasuwa a watan Yunin 2023. Na ukun ne ke ɗaure wa mutane kai. Ina kifi zai je? Kuma garin da ke da tafiyar kusan kilomita 1,000 a mota kafin a ga teku, ina ruwansa da zafin teku?

Ƙaurar dai gaskiya ce, an auna ta a wurare da yawa. Sai dai ba iri ɗaya take ba a ko'ina. Ƙasashen sanyi musaya suke yi, wani kifi ya tafi wani ya zo. Gaɓar tekunmu kuwa tana yankin da ake fita amma ba a shigowa. Inda bambancin ya fi fitowa fili shi ne mahaɗar kogi da teku.

Mece ce mahaɗa, kuma me ake nufi da sauya mazauni?

Ruwan da ke wucewa ƙarƙashin gadar Kwalkwalawa, a hanyar Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, tafiyarsa da nisa. Rima da gulbin Sakkwato suna haɗuwa a gefen gari, su gangara ta Argungu da Birnin Kebbi, su zuba a kogin Kwara. Daga nan ruwan ya ratsa tafkin Kainji, ya wuce Jebba, ya tarar da Binuwai a Lokoja, can ƙasa da Anaca kuma ya rarrabu rassa barkatai kafin ya shiga tekun Atlantika. Wannan zango na ƙarshe, inda ruwan daɗi ke gauraya da na gishiri, shi ne mahaɗa.

Litar ruwan teku na ɗauke da gishiri kimanin giram 35. Ruwan gulbi kusan babu komai. Na mahaɗa yana tsakani, ruwan zartsi ne, kuma zartsin ba ya tsayawa wuri guda. Sau biyu a rana teku yana cika ya turo gishiri ciki, ya janye ya bar wa kogi fili. Da damina ambaliya ta kora gishirin waje, da rani ya kutso can cikin ƙasa.

Najeriya na da gaɓar teku mai tsawon kimanin kilomita 853, kuma yawancinta irin waɗannan wurare ne: tafkin Legas, bakin Escravos da Forcados, Bonny, Qua Iboe, da bakin kogin Kuros a Kalaba. A nan dajin mangurof yake, itatuwan da ke tsiro cikin taɓo da ruwan gishiri, kuma babu ƙasar Afirka da ta kai Najeriya yawansa. Saiwoyinsu ne maɓoyar ƙananan kifaye. Kifayen teku da dama a waje suke zuba ƙwai, amma 'ya'yan a mahaɗa suke girma, inda abinci ya yalwata kuma manyan kifaye ba sa iya kutsawa. Wasu kuma nan ne gidansu dindindin, kamar bonga da ake yin banda da shi a Akwa Ibom da Kuros Riba, da wata karfasa mai baƙin haɓa, da ƙananan jatan landen da ake busarwa a sayar a matsayin kirafish.

Mazaunin kifi kuwa shi ne iyakar yankin da yake iya rayuwa har ya hayayyafa. Idan aka ce mazauni ya sauya, ba wai kifi ɗaya ne ya tattara ya kama hanya ba. Abin a hankali yake faruwa. A gefen da ruwa ya fara yi masa zafi, 'ya'yan da ke rayuwa suna raguwa shekara bayan shekara. A gefen da a da sanyi ke kashe su, yanzu suna tsira su girma su zuba nasu ƙwan. Bayan shekara 20 ko 30, sai a duba taswira a ga iyakar ta matsa.

Abin da zafi ke yi wa kifi

Kifi ba ya riƙe zafin jikinsa kamar ɗan Adam ko akuya. Yadda ruwa yake, haka jikinsa yake. Ruwa na ƙara ɗumi, aikin jikinsa na ƙara sauri. A jimlace, ƙarin digiri 10 yakan kusan ninka buƙatarsa ta abinci da iskar oksijin. Matsalar ita ce ruwan ɗumi bai riƙe iskar kamar mai sanyi. Ruwan daɗi a digiri 20 yana iya riƙe miligiram 9 na oksijin a lita, a digiri 30 kuwa kimanin 7.5 ne. Idan da gishiri a ciki, abin ya ƙara raguwa. Buƙata na hawa, abin biyan ta na sauka.

Wanda ya taɓa kiwon karfasa a Sakkwato ya ga wannan da idonsa. A watan Afrilu, lokacin da zafin rana ke haura digiri 40, idan ka leƙa kududdufin da asuba kafin rana ta fito za ka tarar da kifin ya taso saman ruwa, baki a buɗe, yana lasar iska. Abincin da aka watsa jiya da yamma yana nan yana yawo bai ci ba. Tarwaɗa ba ta cika damuwa ba, domin tana da abin shaƙar iska daga sarari, kuma wannan na cikin dalilan da suka sa ita ce ta mamaye kiwon kifi a ƙasar nan. Yawancin kifayen mahaɗa ba su da wannan gata.

Akwai kuma batun girma. Kifi a ruwan ɗumi yakan yi saurin balaga, amma ya tsaya ƙarami. Ƙaramar uwa kuwa ƙwanta kaɗan ne. Don haka tun kafin kifi ya ɓace daga wuri, masunci ya riga ya ga alama a kwandonsa.

Zafin da ake magana daga hayaƙin man fetur da gawayin kwal da gas yake, wanda ke taruwa a sama ya hana zafi fita. Kwamitin masana yanayi na Majalisar Ɗinkin Duniya, IPCC, ya nuna teku ne ya shanye kimanin kashi 90 cikin 100 na wannan ƙarin zafi. Hukumar yanayi ta duniya kuma ta tabbatar 2024 ta zarce duk shekarun da aka taɓa aunawa kafin ta, da ƙarin kusan digiri 1.55 a kan yadda duniya take kafin zamanin masana'antu.

Mahaɗa ta fi buɗaɗɗen teku saurin ɗaukar zafi, saboda ba ta da zurfi. Masu bincike na Jami'ar Sidni sun bi mahaɗai 166 a gabashin Ostireliya tsawon shekara 12, suka wallafa a 2020 cewa ruwansu ya ƙara zafi da digiri 2.16 a wannan ɗan lokaci. Wannan ya ninka abin da ake hasashe ga babban teku nesa ba kusa ba.

Abin da aka gani a inda ake ƙirge

Wani babban nazari na 2013, wanda ya tattara binciken da aka yi a tekuna daban-daban, ya gano cewa iyakar mazaunin halittun teku tana matsawa zuwa ɓangaren sanyi da kimanin kilomita 72 a duk shekara 10. Na tudu ba su kai ko kusa da haka ba, don a ruwa babu dutse ko gari da zai tare hanya.

Hujjoji mafi ƙarfi kan mahaɗai daga Amurka suka fito, ba don can abin ya fi tsanani ba, sai don can aka daɗe ana jefa koma a wuri ɗaya ana rubuta abin da ta kamo. A mashigin Narragansett, Jami'ar Rhode Island tana wannan aikin tun 1959. A tsawon lokacin, kifayen ƙasan ruwa masu son sanyi sun ragu ƙwarai, waɗanda a da baƙin bazara ne daga kudu suka zama su ne masu yawa. A Fulorida akwai wani kifin mahaɗa da ake kira sunuk, wanda sanyi ke kashewa. Sanyin watan Janairun 2010 ya hallaka shi da yawa. Duk da haka, tun wajen 2007 aka fara kama shi a bakin kogin Suwannee, arewa da inda aka san iyakarsa, yanzu har hayayyafa yake a wurin. Dajin mangurof ma ya bi shi arewa, saboda daren da ruwa ke daskarewa ya yi ƙaranci. A mashigin Pamlico na jihar Karolaina ta Arewa kuma, wani kifin shak mai shiga ruwan daɗi ya mai da wurin gidan renon 'ya'yansa tun daga 2011.

Abin lura a duka misalan nan: masuntan wuraren sun yi rashi, amma sun samu maye. Gardamarsu a yau ita ce wa zai kama sabon kifin, da wace koma, kuma kasuwa za ta karɓe shi ko a'a.

Gaɓar da ba ta da arewa

A ɗauko taswirar Afirka a duba. Gaɓar gabashin Amurka daga kudu zuwa arewa ta miƙe, don haka kifin da zafi ya dama sai ya bi gaɓa ya haura. Tamu daga Laberiya zuwa Kamaru a kwance take, gabas da yamma, duk a kusan layi ɗaya da tazara kaɗan daga tsakiyar duniya. Arewa da Legas ƙasa ce, ba ruwa ba. Kifin da ke neman sanyi daga gaɓar Najeriya sai ya zagaya ta yamma har Senegal da Muritaniya, ko ya gangara kudu zuwa Angola, tafiyar dubban kilomitoci cikin ruwan da duk zafinsa kusan ɗaya ne. Ko kuma ya nutsa ƙasa, inda koma da kwalekwalen ƙaramin masunci ba sa kaiwa.

Ga kifin mahaɗa abin ya fi wuya, domin shi nutsawa ba zaɓi ba ne. Mahaɗai kamar mashaya suke a kan burtali: akwai su nan da can, amma tsakanin wannan da waccan sai an ratsa fili mai tsawo da ba ya zaunuwa. Arewa da kogin Senegal kuwa hamada ce ta sauko har bakin teku, babu wani babban kogi mai zuba ruwa duk shekara har sai an kai Maroko. Bonga, alal misali, ana samunsa daga gaɓar Yammacin Sahara har Angola, amma ƙarfinsa yana inda koguna ke zuba. Ko ruwan arewa ya yi masa daidai wajen ɗumi, babu gidan renon da zai ajiye 'ya'yansa.

Sai batun maye. Idan kifi ya bar ruwan Turai, na kudu da shi zai hauro ya cike gurbin. Idan ya bar mashigin Gini, babu wani teku da ya fi shi zafi da za a ce daga can wasu za su zo. Wani bincike na 2021 da ya duba bayanan dubban halittun teku ya nuna yawan nau'o'insu a daidai tsakiyar duniya yana raguwa, yana ƙaruwa a gefe da gefe. Tun a 2010 masana na Jami'ar British Columbia a Kanada suka yi hasashen cewa zuwa 2055 abin da za a iya kamawa a tekunan yankin zafi zai iya faɗuwa da kashi 40 cikin 100, na ƙasashen sanyi kuwa ya ƙaru da kashi 30 zuwa 70. Hasashe ne, kuma ya dogara da yawan hayaƙin da duniya za ta ci gaba da fitarwa. Amma alƙiblarsa ta yi daidai da abin da aka fara aunawa a arewa maso yammacin Afirka, inda binciken jiragen ruwa daga 1995 zuwa 2015 ya nuna wani kifin sardin da talakan yankin ya dogara da shi ya matsa arewa da kusan kilomita 180, daga ɓangaren Senegal zuwa na Muritaniya da Maroko.

Gishiri ma na korar kifi

Akwai wata ƙaurar da ba ta arewa ko kudu ba, ta ciki da waje ce. Tsakanin 1901 da 2018 tekun duniya ya ɗaga da kimanin santimita 20. A ƙasa mai kwari irin ta Neja Delta, wannan ya isa ya tura gishiri can cikin rafuka. Mutanen Ayetoro a jihar Ondo sun ga teku ya cinye babban ɓangaren garinsu. Inda gishiri ya shiga, kifin ruwan daɗi sai ya ja baya, na teku ya biyo.

Misali mafi tsanani a Afirka ta Yamma yana da alaƙa da tarihin da dattawan Sakkwato suka sani. Farin da ya faɗa wa Sahel daga ƙarshen shekarun 1960, wanda ya yi muni a 1973 da 1984, ya busar da rafukan da ke ciyar da mahaɗar Saloum da ta Casamance a Senegal. Ruwan daɗi ya daina sauka, teku ya ci gaba da shiga, rana kuma tana ƙafar da shi. Sai lamarin ya juye: maimakon gishiri ya riƙa raguwa idan ana haurawa, sai ya riƙa ƙaruwa. A wajen Kaolack an auna gishirin da ya haura giram 100 a lita, wato ninkin na teku sau uku. A can sama kusan karfasar nan mai baƙin haɓa kaɗai ta iya zama, ita ma a tsumbure. Bongan Saloum kuma an gano yana balaga yana ƙarami idan aka gwada da na kogin Gambiya da ke maƙwabtaka, wanda ruwansa bai yanke ba.

Wannan ya nuna makomar mahaɗa ba a hannun teku kaɗai take ba. Rabinta tana hannun abin da ake yi da kogi a sama. Madatsar Diama da aka kammala a 1986 a kogin Senegal ta tare gishiri don amfanin manoman shinkafa, amma ta datse wa kifayen mahaɗa hanyar haurawa. A namu kogin, Kainji tun 1968, da Jebba, da Bakolori ta 1978 da Goronyo, kowacce ta sauya lokacin da ruwa ke sauka da yawan taɓon da yake ɗauka. Noman ranin Wurno da Talata Mafara da zartsin rafukan Bayelsa, duk a lissafin kogi ɗaya suke.

Inda masana suka saɓa

Babu mai ja da cewa ruwa na ɗumama. Saɓanin a kan kason laifi yake.

Ɓangare na farko, galibi masu nazarin yanayi, suna cewa idan ka ga halittu daban-daban a tekuna daban-daban duk suna matsawa ɓangare ɗaya, kuma saurinsu ya yi daidai da saurin matsawar zafi, to ba za a ce koma ce ta jawo ba. Koma tana rage kifi, ba ta tura shi arewa.

Ɓangare na biyu, inda ƙungiyoyin ƙananan masunta da masu kula da kamun kifi suka fi yawa, suna ganin a Afirka ta Yamma ana fakewa da sauyin yanayi a kau da kai daga abin da ke gaban ido. Manyan jiragen kamun kifi suna shiga ruwan da aka keɓe wa kwalekwale. Masana'antun garin kifi a Muritaniya da Senegal da Gambiya suna niƙe sardin da bonga a fitar waje a ciyar da dabbobi da kifin kiwo. Rahoton 2021 na ƙungiyar kare muhalli ta Greenpeace da wata ƙungiyar da suka yi aikin tare ya ƙiyasta abin ya haura tan 500,000 a shekara. A Neja Delta ga malalar ɗanyen mai, wadda rahoton hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya na 2011 kan ƙasar Ogoni ya fayyace ɓarnarta ga mangurof. Ga saran itacen don bandar kifin kanta. Ga wata giginyar ruwa da aka shigo da ita Kalaba a 1906, wadda ke mamaye gurbin mangurof ba tare da ba ƙananan kifaye irin maɓoyar da yake ba su ba. Suna kuma da hujja daga alƙaluma: wani nazari na 2019 ya ƙiyasta cewa daga 1930 zuwa 2010 ɗumama ta rage abin da za a iya kamawa a duniya ba tare da ƙarar da iri ba da kashi 4.1 cikin 100 kacal, ko da yake a wasu tekuna faɗuwar ta kai kashi 35.

Akwai na uku masu cewa kifin mahaɗa ya fi yadda ake zato juriya. Wanda ya saba da zartsi mai sauyawa sau biyu a rana, ƙarin digiri ɗaya ba zai kore shi ba. Maganarsu na da ƙanshin gaskiya a ƙasashen sanyi. A yankin zafi kuwa raunin hujjar shi ne kifin ya riga ya kusa iyakar abin da jikinsa ke ɗauka, tazarar da ta rage masa kaɗan ce.

Idan aka auna ukun, abin da ya fi kusa da hujja shi ne: a yau, a gaɓar Najeriya, kamun wuce kima da lalacewar mangurof da gurɓatar ruwa su suka fi zafi nauyi. Amma su ana iya dakatar da su da doka, zafi kuwa hawa yake yi ba sauka. Kuma ba a rabe suke aiki ba. Kifin da aka kwashe manyan iyayensa ya fi saurin durƙushewa idan shekarar zafi ta zo. Nazarin na 2019 kansa ya nuna haka.

Wani abin da ke tsawaita gardamar shi ne ƙarancin ƙirge. Najeriya na da cibiyar binciken teku ta NIOMR a Legas tun 1975, da ta kifin ruwan daɗi a New Bussa. Amma mafi yawan kifin da ake kamawa a cikin gida ƙananan masunta ne ke sauke shi a dubban matsayar kwalekwale, a yi bandarsa a loda a mota ba tare da ya hau sikelin hukuma ba.

Ta ina abin ke isowa Sakkwato?

Alƙaluman da gwamnati ta saba bayarwa su ne ƙasar na buƙatar kifi tan miliyan 3.6 a shekara, abin da take samarwa kuwa bai wuce tan miliyan 1.2 ba sosai. Giɓin da na waje ake rage shi. A nan ne hanya ta farko take, kuma ita ce mafi kauri.

Kifin da ake kira taitus, wanda ke fitowa daga ɗakunan sanyi a kwali ana fasa ƙanƙararsa da safe, daga arewa maso gabashin Atlantika yake zuwa. Ba kifin mahaɗa ba ne, amma labarinsa shi ne misali mafi bayyana na abin da ƙaura ke haifarwa. Daga wajen 2007 ya fara bayyana da yawa a ruwan Aisland, inda a da ba a kama shi sosai. Aisland ta ce tunda ya zo gidanta tana da kaso, tsibiran Faro kuma suka nemi ƙarin nasu. Nowe da Tarayyar Turai suka ce rabon da aka yi tun farko yana nan. Aka kasa daidaitawa, kowa ya yanka wa kansa kaso, jimillar ta riƙa zarce abin da masana suka ba da shawara shekara da shekaru. A 2019 aka janye masa shaidar kamun da ba ya ƙarar da iri. A 2025 majalisar masanan da ke ba ƙasashen shawara, ICES, ta ce a rage kamun 2026 da kashi 70 cikin 100. Idan kaya ya yi ƙaranci a can, mai sayen da ke biya da naira ne ke fara fita daga layi. Don haka idan mai kifi a Kasuwar Daji ya ce, "Hajiya, wallahi ba daga nan ba ne, haka ya taso," yana da gaskiya fiye da yadda shi kansa ya sani.

Hanya ta biyu ba ta fito fili haka ba. Bandar kifi a ƙasar nan daga arewa take gangarawa kudu fiye da yadda take haurowa: daga Baga, daga Yawuri da sauran garuruwan bakin Kainji, zuwa Anaca da Legas. Bonga da kirafish na kudu su ne ke rage wa wannan kaya nauyin buƙata, don su ne kifin miyar talakan can. Duk shekarar da suka yi ƙaranci, fataken kudu sai su ƙara kuɗi a kan tarwaɗa da kurungu da bargin arewa. Masunci a Yawuri zai ji daɗin farashi na ɗan lokaci. Mai cefane a Sakkwato kuwa zai tarar yana gasa da mai saye a Anaca kan kifin da aka kama kusa da gidansa.

Ta uku ita ce abincin kifin kiwo. Ana yawan cewa kiwo ne mafita, kuma ga gari irin Sakkwato akwai hankali a ciki. Sai dai abincin tarwaɗa mai kyau da garin kifi ake haɗa shi, garin kuwa daga irin ƙananan kifayen nan ne masu ƙaura. Abinci shi ne kaso mafi girma na kuɗin da mai kiwo ke kashewa. Masu gwada waken soya da ƙuliƙuli da tsutsar ƙuda a madadinsa suna neman yanke wannan igiyar ce.

Kifin gulbinmu kansa, giwan ruwa da gargaza da ragon ruwa, ba su da alaƙa da gishiri, kuma kuskure ne a ɗora raguwarsu a kan teku. Abin da ke yanke musu hukunci shi ne ko fadama ta cika da damina ta ba su wurin zuba ƙwai, da lokacin da aka buɗe ko aka rufe madatsa, da girman idon koma. Amma dokar zafi da oksijin ɗaya ce. Ƙaramin tafki irin na Kware ko gurbin da ya rage a gulbi a watan Afrilu yana ɗaukar zafi kamar mahaɗa, kuma kifin cikinsa ba shi da ko hanyar fita. Tsarin da Kabawa suka daɗe da shi a Matan Faɗa, inda Sarkin Ruwa ke hana kamun kifi har sai ranar da aka buɗe, a harshen masana na yau shi ne keɓe wuri da lokaci don kifi ya girma. Bikin Argungu, wanda ya samo asali a 1934 kuma UNESCO ta sa shi cikin al'adun duniya a 2016, a kan wannan hani ya ginu.

Abin da ke hannun hukuma

Rage hayaƙin duniya ba a Abuja za a yanke shi ba, balle a Sakkwato. Amma akwai abin da ke kusa. A 2023 aka kafa ma'aikatar harkokin teku ta tarayya, daga baya aka mayar da sashen kifi ƙarƙashinta daga ma'aikatar noma. Masu goyon baya na ganin hakan zai sa a kula da jiragen da ke satar shiga ruwan kwalekwale. Masu shakka na tsoron ma'aikatar da hankalinta ke kan tashoshin jiragen ruwa za ta manta da masuntan Rima da Kwara da tafkin Cadi.

Darasin taitus kuma yana jiran Afirka ta Yamma. Sardin da bonga ba na ƙasa ɗaya ba ne, kuma har yanzu babu wata yarjejeniya mai ƙarfin doka da ta raba kason kamunsu tsakanin Senegal da Gambiya da Muritaniya da Maroko. Kwamitin hukumar abinci ta duniya, FAO, da ke duba kifin yankin ya sha bayyana su biyun a matsayin waɗanda ake kamawa fiye da kima. Masuntan Senegal sun riga sun dogara da lasisin da Muritaniya ke ba su kafin su bi kifin da a da a ruwansu yake, kuma duk sanda lasisin ya ƙare ba a sabunta ba, kwalekwalen garin Saint-Louis na Senegal a bakin gaɓa suke kwana.